Minti Goma Sha Tara na Baba Fatsuma

Shagona yana bayan tashar mota a Ƙanƙara, tsakanin mai faci da mai sayar da buhuna. Buga takardu nake yi: takardar neman aiki, takardar shaidar shekaru, wasiƙar da mutum yake son ta fita da tsabta. Kwamfutar hannu ɗaya gare ni, sai na'urar buga takarda da bencin masu jira.

Mutanen Unguwar Nata'ala, wani ƙauye ta wajen Sabuwa, sun watse ne shekara huɗu da suka wuce, da zama ya gagara saboda ɓarayin daji. Da yawansu nan garin suka faɗo. Duk wanda ya je yankar katin ɗan ƙasa sai an tambaye shi ranar haihuwa, su kuwa ba wanda ya taɓa rubuta masu. Sai su biyo ta wurina. In tambayi mutum shekarunsa, ya ɗaga kai ya dubi kwano ya ce, "Sa arba'in." Washegari ƙanensa ya zo ya ce hamsin.

Nasir ne ya kawo gyara. Ɗan ƙauyen ne, yana awon hatsi a kasuwa, mutum mai fara'a da yawan magana. Sunan matarsa Bilki, 'ya'yansu biyar, shekararsu goma sha takwas da aure. Wata rana yana zaune a bencina yana kallon wannan rikici, sai ya ce, "Malam Gide, kana wahalar da kanka. Ga Baba Fatsuma can a gidana. Duk wanda ka gani daga garinmu ita ta yanke mashi cibi. Ba ta san lissafin boko ba, amma ta san wa aka haifa shekarar fari, wa aka haifa shekarar canjin kuɗi. Kai ka san shekarun, ita ta san mutanen. Ku haɗa mana."

Baba Fatsuma ungozomar ƙauyen ce. Ba ta da kowa da ya rage, Nasir ne ya ɗauko ta a bayan babur ranar da suka gudo, ya ba ta ɗaki a gidan da ya kama. Na fara zuwa wurinta duk Talata bayan azahar. In ajiye waya a kan tabarma tana ɗaukar magana, ni kuma in zauna. Ba na katse ta. In ta bar haihuwar wani ta shiga labarin saniyar da ta faɗa rijiya, sai in ƙyale ta, don na lura ta bayan saniyar take dawowa da sunan da ta manta. Wayar kuwa ta raɗa mata suna akwatin tsegumi.

Wani lokaci Nasir yakan dawo ya iske mu. Ya leƙo ya ce, "Baba, kin gaya mashi da haƙori aka haife ni?" Bilki ta amsa daga madafa, "Da baki dai aka haife ka, haƙoran daga baya suka biyo." Ya ce, "Kin ji ko, Baba? A gidana, da hatsina." Tsohuwar ta ce su tafi can su ba ta wuri, tana aikin gwamnati.

Da maganar ta fara taruwa sai tsoro ya kama ni. Wayar ba ta da wuri, kullum sai na juye a kwamfuta na share na wayar, kwamfutar kuma ta tsufa, tana ƙugi kamar injin markaɗe. Na kai kukana wurin Mas'udu, ɗan kawuna, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Taubashina ne, don haka ba ya buɗe baki ya kira ni da sunana.

"Bawana ya zo," in ji shi. "Me ka ɓata kuma?"

"Ban ɓata ba tukuna. So nake kada in ɓata."

"Ikon Allah. Yau ɗan mace ya yi tunani kahin abu ya faru."

Ya ɗauko wani baƙin faifan ajiya, bai fi sabulun wanka girma ba, ya jona shi da kwamfutar. Ya daɗe yana buga rubutu a wani baƙin shafi. Da ya gama ya juyo da kujera.

"Saurara da kyau, tunda an ce saurare ne sana'arka. Na rubuta mata umarni. Kullum ƙarhe biyar na yamma, ba sai ka taɓa komi ba, za ta dubi duk abin da ke cikinta ta aje kamanninsa a nan, cikin folda mai kwanan watan ranar. Ba wai za ta sake kwasar komi daga farko ba, da faifan ya cika cikin wata guda. Abin da ya ƙaru ko ya canza kaɗai take ɗauka, sauran ta jingina da na jiya. Amma kai in ka buɗe foldar kowace rana, cif za ka ga kayanka yadda suke a ranar. Ko ka ɓata abu yau, na jiya yana nan. Ko ka goge shi, na jiya yana nan. Ka gane, ko in sake maka a hankali?"

"Na gane."

"Aikinka ɗaya, kada ka zare igiyar nan. Ko shi ma na san sai ka nemi taimako."

Na ji daɗin maganar. Abin da na ɗauka a cikinta shi ne ba zan yi asara ba, ban kuma juya ta ta ɗaya gefen ba.

Talata ta bakwai Nasir yana kasuwa, Bilki ta tafi gidan suna da yara, gidan ba kowa sai mu biyu. Baba Fatsuma ta iso shekarar canjin kuɗi na zamanin soja. Ta lissafo mutum huɗu, na biyar ta ce Nasir.

"Shi wanga mai bakin, da ƙyar ya tsaya. Uwarsa Halimatu zazzaɓin jego ya kada ta, nono bai zo ba, yaro na ta tsala kuka har murya ta dushe. Na naɗe shi a zane na zagaya ta bayan danga na kai ma Baraka, tana goyon Jabiru, ɗan wata biyu. Na ce, Baraka, riƙe mani wanga kada ya mutu a hannuna. Kwana ukku yana ɗakinta."

Na san Baraka a bakinta, ta ambace ta tun a baya. Ita ce mahaifiyar Jabiru, kuma bayan shekara shida ita ta haifi Bilki. Macen da ta shayar da jariri ta zama uwarsa, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, babu aure a tsakani. Ba sai malami ya gaya wa mutum wannan ba.

Na bar wayar tana ɗauka. Ita kuwa kamar ba ta ji abin da ta faɗa ba. Ta shiga labarin ruwan da aka tafka a shekarar, yadda ya kayar da rumbun mai gari, mata suka yi kwana biyu suna tsintar dawa cikin laka, da wata da ta zame ta karya ƙugu. Ta fi minti goma a can. Sannan ta dawo da kanta.

"Ranar ta ukku da na koma ɗaukarsa, na iske ta ta kwantar da shi a cinya tana ɗura mashi madarar akuya da ɗan ƙaramin ludayi. Na ce, ke kuma lahiya, ga nono har yana jiƙa maki zane? Ta ce maigidanta ya hana. Ya ce kada ta haɗa mashi zumuncin da bai shirya ba, ga akuya nan ta haihu. To ni abin da idona ya gani ke nan. Amma kwana ukku da yawa, ɗan nan, kuma mace mai nono ba ta iya jin kukan jinjiri ta kau da kai. Ban kwana ɗakin ba. Ban sake tambayarta ba. Da aka ɗaura mashi aure da Bilki ina Daudawa wurin jinyar ƙanwata. Baraka ta rasu, mijinta ya rasu, Halimatu ta rasu. Na dawo na iske Bilki da ciki. In ce mi? Ban gani ba, ban sani ba. Na kama bakina."

Sai idonta ya faɗa kan wayar.

"Akwatin tsegumin nan yana ji har yanzu?"

"Yana ji, Baba."

"Innalillahi. Cire mashi wanga. Tun daga inda na ambaci yaron nan har zuwa nan. Ka ji ko? Shekara goma sha takwas maganar nan tana cina ban ba mutum ba, ba ƙarhe zan ba. Amana na ba ka, Gide."

Ranar ce kaɗai ta kira sunana. Na ce mata na ɗauka.

Na koma shago wajen huɗu da rabi, na juye maganar a kwamfuta na share ta waya, yadda na saba. Mutum uku suna jira a benci, ba zan buɗe muryarta a gabansu ba, sai na bari sai da safe. Da safe na riga kowa zuwa, na sa abin ji a kunne, na yanke wurin tsaf. Minti goma sha tara ne. Na ajiye fayil ɗin da sunansa na da, sabon ya hau kan tsohon. Da Talata ta zagayo na kunna mata gaɓar: ta lissafo mutum huɗu, sai muryarta ta tsallaka shekara ta gaba.

"Ya hita?"

"Ya fita, Baba. Babu shi ko'ina."

"Allah shi rufa maka asiri yadda ka rufa mani."

Ƙarfe biyar na waccan Talatar bai ko gilma mani a rai ba.

Mun gama aikin cikin wata huɗu. Mutum ɗari biyu da ɗoriya suka san shekararsu ta bakinta. Da damina ta kankama Baba Fatsuma ta kwanta, kwana tara, Allah ya yi mata rasuwa. Nasir ne ya shiga kabari ya karɓe ta.

Bayan sadakar bakwai ya zo shago. "Malam Gide, ka sa mani muryar tsohuwar nan a memori. Gidan ya yi shiru da yawa. Yara sun saba da faɗanta, ni ma na saba." Na ce ya ba ni kwana biyu. A cikin kwana biyun nan kwamfutar ta yi ƙuginta na ƙarshe ta mutu. Mas'udu ya duba ya ce faifan cikinta ne ya tafi, zai sa sabo ya maido da komai daga na ajiya. "Yau za ka san darajar ubangidanka," in ji shi. Ni kuma ga suna a Sheme, 'yar ƙanwata ta haihu. Na bar mashi kwamfutar da faifan, na ce in Nasir ya zo ya juye mashi foldar Baba Fatsuma. Na hau mota hankalina kwance.

Kwana biyu na yi. Ranar da na dawo ina share gaban shago sai ga Nasir. Bai ɗaga murya da sallama yadda ya saba ba. Ya wuce ciki ya zauna a benci, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Wa ya ji, banda ni da kai?"

Na tsaya da tsintsiya. "Ya ji me?"

"Malam Gide, kada ka yi mani haka. Ɗakin Baraka."

Na jingine tsintsiyar na zauna. Na ce, "Babu kowa."

"Da abin kunne na saurara, a rumfata ta kasuwa. Memorin na jefa shi murhun mai shayi." Ya mayar da hular. "Wata nawa ka san da wanga? Kana gaisawa da ni, kana tambayata iyali."

"Amana ta ba ni."

"Ta ba ka." Ya miƙe. "To ga yadda ka riƙe."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jima, kamar mai jiran in ƙara wani abu. Na yi shiru, irin shirun da na saba yi in mutum yana cikin ciwo, ina ganin girmamawa ce. Ya tafi.

Na rufe shago na nufi wurin Mas'udu.

"Bawana! Ka ci naman suna ka manta da..." Ya ga fuskata ya tsaya. "Lahiya?"

"Me ka juye wa Nasir?"

"Abin da ka ce. Har gyara na yi maka, ban ma gaya maka ba. Da nake maido da kaya na lura fayil ɗaya ya canza, alhali murya in an aje ta ba ta canzawa. Ranar farko awa biyu ne da minti ashirin da ɗaya, daga washegari ya koma awa biyu da minti biyu. Na ce faifan nan mai mutuwa ne ya gutsure shi. Sai na koma foldar ranar farko na ɗauko cikakken. Shi na sa maka a sabon faifai, shi na ba Nasir."

"Ni na yanke shi. Da hannuna."

"To ai ba ka faɗa mani ba."

"Na goge shi, Mas'udu."

"Ka goge ranar Laraba. Talata ƙarhe biyar ta riga ta ɗauka. Na gaya maka a nan wurin, ko ka goge na jiya yana nan. Ka ce ka gane."

Haka ne, na ce na gane.

Bai tambaye ni abin da ke ciki ba. Ya ce bai saurara ba, na kuma yarda, don shi aikinsa da tsawon fayil ne, ba da abin da ke cikinsa ba. Na ce ya buɗe faifan ya share shi duk inda yake.

"Wuri huɗu yake yanzu," in ji shi. "Foldar waccan Talata, da sabon faifai, da foldar jiya da ta shekaranjiya, don da na maido shi ta sake ɗauka." Ya ɗora yatsa amma bai danna ba. "Ɗan gwaggo, ban san me ke ciki ba. Amma wanda ya ji ya riga ya ji. Bar shi mako guda. In kulle maka shi da kalmar sirri, ba mai buɗewa sai kai. In ka huce ka share da kanka. Abin nan in ya hita ta nan, ba ni da wata jiya da zan koma in ɗauko."

"Na gaya wa matar nan babu shi ko'ina. Ta mutu a kan haka."

"Na ji. Amma mako guda..."

"Share."

Ya share. Ya bi baya da wani umarni da ya ce yana cike gurbin don kada wani ya tono. Na tsaya a kansa har ya gama. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji sauƙi. Na ji kamar na cika mata alkawari, ko da a makare.

Nasir ya daina biyowa ta shagona. Bayan mako uku mai facin nan ya gaya mani ya tashi daga kasuwarmu ya koma awo a Sheme, a can yake kwana cikin shagon hatsi. Bilki kuma ya kai ta garin Ƙetare, gidan yayanta Jabiru, da ƙananan yara uku. Mutane suna cewa saɓani ne, amma ba wanda ya ji faɗa.

Na hau mota zuwa Sheme. Na same shi a tsakiyar buhuna, ya rame, rigar ta yi mashi yawa.

"Malam Gide. An zo duba aiki?"

"Na zo in ji halin da kake ciki."

Ya nuna mani buhu na zauna. Ya ce ya je wurin wani malami a Faskari, inda ba a san shi ba, ya kwance mashi komai ba tare da suna ba. Malamin ya ce maganar mace ɗaya ba ta raba aure, amma in zuciyarsa ta gaskata, nisanta ya fi mashi.

"Kuma ta gaskata," in ji shi. "Tsohuwar nan ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. Ta kai ni ɗakin mai goyo ina kukan yunwa, na yi kwana ukku. Me kake so in ɗauka? In na dubi Bilki yanzu, fuskar Jabiru nake gani. In ta miƙo mani ruwa sai in..."

Na ce, "Amma ai ita kanta ta ce ba ta gani ba. Madarar akuya ta iske ana ba ka."

Ya ajiye tiyar da ke hannunsa. "Wace akuya?"

Sai a lokacin na gane abin da ya tsaya jira a bakin ƙofata.

"Har ina ka saurara, Nasir?"

"Har inda ta ce kwana ukku. Ta shiga maganar ruwa da rumbu, na ga ta wuce wurin, na zare abin. Akwai wani abu a gaba?"

Na faɗa mashi duka. Ludayin, da hanin maigidan, da akuyar da ta haihu, da inda ta ce ba ta kwana ɗakin ba, ba ta gani ba, ba ta sani ba. Har yadda ta sa na yanke wurin na ce mata ya fita, da yadda faifan Mas'udu ya riƙe na jiya, duk na gaya mashi. Ina faɗa ina kallon fuskarsa tana sakewa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kunna mani. Tashi mu tahi yanzu, ga babur nan. In ji da bakinta."

"Na share."

"Ai ka taɓa sharewa." Har da 'yar dariya ya faɗa. "A duba na jiyan, ko me Mas'udu yake kiransa."

"Wannan karon har can aka bi. Ranar da ka zo shagona."

Ya saki hannuna a hankali. Wata mata ta zo sayen dawa, ya tashi ya auna mata tiya biyu, ya ƙulle leda, ya dawo ya zauna.

"Malam Gide, ban ce kai maƙaryaci ne ba. Amma kai mutum ne mai tausayi. Ka ga gida ya watse ta hannunka, ka hau mota ka zo da akuya. Ko ni ne a matsayinka da akuyar zan zo." Ya dubi ƙasa. "Ka ce mata ya hita, bai hita ba. Yanzu ka ce mani akwai, kuma babu. Da wanne zan shiga ɗakin mace?"

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa.

"Kada ka dafa. In ka dafa dole bakina ya yarda, zuciya kuma ba a yi mata dole."

Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mani da mota.

Bayan kwana goma Bilki ta zo shagona da hantsi, ita kaɗai. Ban taɓa ganinta a waje da gidanta ba. Ta zauna a can ƙarshen benci, ta gaishe ni, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Nasir ya gaya mata komai tun ranar da ya kai ta Ƙetare, ya kuma gaya mata zuwana Sheme ta waya.

"Malam, so nake ka faɗa mani yadda ta faɗa. Ba ma'anar ba. Yadda ta jero."

Na rufe ido na fara. Sau biyu kawai na ji maganar, ranar da ta yi ta da ranar da na yanke, amma tana nan a kaina har da wuraren da take tsayawa ta ja numfashi. Da na zo inda ta ce, ke kuma lahiya, ga nono har yana jiƙa maki zane, sai Bilki ta yi 'yar dariya a cikin hijabi.

"Wallahi ita ce. Haka take magana."

Da na zo hanin maigidan ta ce, "Babanmu zai iya. Abin da ban shirya ba, kalmar bakinsa ce, ko baƙo ne ya zo."

Sai na iso inda tsohuwar ta ce mace mai nono ba ta iya jin kukan jinjiri ta kau da kai. Na so in tsallake. Ban tsallake ba. Bilki ta murza bakin hijabinta.

"Wannan ma gaskiya ne," ta ce. "Innarmu ko ɗan akuya ta ji yana kuka ba ta iya cin abinci."

Na ce, "Ki yafe mani. Da na bar shi mako guda..."

"Ni na yarda da kai, Malam. Amma ba yardata ake jira ba." Ta gyara zama. "Buga mani shi a takarda. Duka, har da wurin da bai yi mani daɗi ba. Ka sa sunanka a ƙasa."

"Zai ce ni na rubuta."

"Ai kai ka rubuta. Amma kai in ka je sallamarka zai yi ya sa ka mota. Takarda kuwa sai ta zauna a aljihu."

Na buga mata, shafi ɗaya da rabi. Na karanta mata daga farko har ƙarshe, ta sa na gyara wuri ɗaya inda na rubuta cokali maimakon ludayi. Ta ninke ta huɗu ta sa a jaka, ta yi mani sallama ta nufi motar Ƙetare.

Wata biyar ke nan. Nasir bai sake ta ba, bai maido ta ba. Duk Juma'a yakan ɗora hatsi da cefane a babur ya kai har ƙofar gidan Jabiru, ya zauna da yara a zaure, ya juya kafin la'asar. Jabiru ya ce mani ƙaramar 'yar Nasir ce ta miƙa mashi takardar, ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Ban sani ba ko ya buɗe.